Injin Markaɗen Asabe da Akwatin Benen Malam Yero

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a ɗakin bene cikin birnin Zariya ba, fuskata na kallon bango, tsohuwa na gadina daga bakin ƙofa, ina jiran wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba ta tada injin markaɗe. Ku da kuka fara aiki jiya kuke ƙorafin wai intanet ta yi nauyi, ku matso ku ji yadda aikina ya kusa salwanta a kan wake da tattasai.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, da damina. Ina mataimakin jami'in fasaha, mataki na shida, a wani ofishin kula da lafiya da ke Tukur-Tukur. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, in an ɗauke ka sai ka yi shekara biyu kana gwaji. In sun cika, shugaban sashenka ya rubuta a fayil ɗinka cewa ka dace, a ba ka takardar tabbatarwa. In kuwa ya rubuta akasin haka, sai ka kama gabanka. Ni saura 'yan watanni nawa ya cika, kuma iyayen yarinyar da nake nema sun faɗa mini ƙarara cewa sai takardar nan ta fito za a sa rana. Saboda haka ina kwana da ita ina tashi da ita a raina.

Ofishinmu yana da wani ƙaramin asibitin mata da yara a cikin birni, wajen Ƙofar Kuyambana. Babu layin tarho a wurin. Duk takardar neman magani ko allurar rigakafi, masinja ne ke kawo ta a keke, in hadari ya taso kuwa sai ya fake a rumfar wani har la'asar. Ana cikin haka wata ƙungiyar taimako ta ba mu tsofaffin kwamfutoci biyu, da eriya biyu, da wasu katuna guda biyu masu aika saƙo ta iska ba tare da waya ba. Katin bai fi katin shaida girma ba, a cikinsa akwai 'yar ƙwaya baƙa wadda ita ce ƙwaƙwalwarsa, a gefensa kuma akwai 'yar fitila koriya da ke ƙyaftawa in saƙo na wucewa.

Shugaban sashenmu, Alhaji Balarabe, mutumin tafireta ne da fayil. Ya juya katin a hannunsa ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai maye gurbin masinja?"

Ni kuwa da rawar kai irin ta ƙuruciya na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni, zan iya."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lawal, ka ji abin da bakinka ya faɗa ko?" Na ce na ji. Ya buɗe fayil ya rubuta.

Manhajar da na zuba wa kwamfutocin ba ta sayarwa ba ce. Wani abokina ne ya ba ni a faifai, kuma irin wadda rubutunta ke buɗe ce, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya aika wa masu kula da ita. Zuciyar manhajar ita ake kira kanel. A cikin kanel akwai ƙananan shirye-shirye, kowanne aikinsa ya koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da wata na'ura, ana ce musu direba. Direban katinmu wani mutum ne ya rubuta shi a can wata ƙasa mai sanyi, a lokacin hutunsa, ya sa adireshinsa na imel a saman rubutun. A lokacin ko a mafarki ban zaci zan taɓa rubuta masa wasiƙa ba.

Matsala ta farko ita ce eriya biyun sai sun hango juna. Tsakanin Tukur-Tukur da asibitin kuwa ga rimaye, ga ragowar ganuwa. Na zaga unguwar da ƙafa har takalmina ya cinye, wuri guda na samu mai tsawon da ake so, wato benen ƙasa na gidan Malam Yero, wanda katangarsa ke manne da ta asibitin. Malam Yero tsohon malamin makaranta ne, mai sauƙin kai. Benen kuwa yana can cikin gida, sashen mata, kuma na yayarsa ne, Goggo Dije, wadda ke kwana a ƙasa tana ajiye audugarta da tukwanenta a sama.

Malam ya saurare ni a zaure har na gama, sannan ya ce, "Aikin lafiya ne, ba zan hana ba. Amma tagar benen nan tana leƙa tsakar gida huɗu. Namiji ba ya hawa sai an sanar."

Ga yadda tsarin yake. In na zo sai in yi sallama a zaure in jira. Malam ya shiga ya faɗa wa Goggo. Goggo ta fito tsakar gida ta ɗaga murya ta kan katanga, "Namiji zai hau bene!" Matan gidan da na maƙwabta su shige ɗaka. Sai a ce in shigo, in wuce kaina a ƙasa. In na gama na fita, ta sake ɗaga murya, "Ya sauka!" Kuma daga hantsi zuwa azahar kawai aka yarje mini. Ni ɗan birni ne, a haka na tashi, ban ga wani abin mamaki a ciki ba, kuma ban kawo a raina cewa ya shafi kwamfuta ba.

Muka kafa ƙarfen eriya a kan rufin, na ajiye kwamfutar a kan wani tsohon adaka kusa da tukwanen Goggo, na ja waya ta kan katanga zuwa teburin asibiti. Ranar da saƙon farko ya tashi daga Kuyambana ya sauka Tukur-Tukur kafin a ƙifta ido, wallahi sai da na yi tsalle a tsakiyar ofis. Akawuna suka taru suna leƙe, masinja ya riƙe haɓa yana salati. Ni ranar ko abinci ban iya ci ba don murna, har na fara tunanin launin babbar rigar da zan sa ranar ɗaurin aure.

Murnar ba ta yi kwana uku ba.

Haka kawai kwamfutar bene sai ta daskare. Fitilar katin ta tsaya cak, allon ya ƙi motsi, ko wane maɓalli ka danna ba ta san kana yi ba. Sai an kashe an kunna, ta ɗauki kusan kwata na awa tana duba kanta, kuma duk saƙon da ke kan hanya ya bi iska. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau huɗu, wata rana ko sau ɗaya. Manhajar tana da wani littafi a cikinta inda take rubuta duk abin da ya same ta, amma in na buɗe ba na samun komai, domin daskarewar na zuwa kafin ta samu damar rubutawa.

Na koya wa Goggo kashewa da kunnawa. Da farko ta ce ita ba ta taɓa kayan wuta, daga baya har zane ta samo tana lulluɓe kwamfutar saboda ƙura. Akwati take ce mata, fitilar katin kuma idon akwati. Tunda littafin cikin manhajar ya gaza, sai na zana wata takarda mai layuka uku, rana, lokaci, da sau nawa, na ce Goggo ce za ta zama idona.

Kullum in na zo sai in ce, "Goggo, jiya yaushe ya tsaya?"

Ta ce, "Lokacin da matan unguwa suka aiko da kayan miya."

In ce, "To ƙarfe nawa ke nan?"

"Kai ɗan nan, ni ina ruwana da ƙarfe? Rana dai ta fara zafi."

Sai in dubi agogona in yi kintace, in rubuta sha ɗaya da rabi. Washegari ta ce da masu ƙosai suka kawo waken da suka jiƙa, in rubuta ƙarfe huɗu. Wata rana ta ce da aka dawo da wuta Asabe ta fito, in rubuta ƙarfe biyu. A tunanina haka tsofaffi ke faɗin lokaci, ni kuwa mai ilimi aikina in mayar da maganarta lambobi. Na cika takarda biyu da lambobi, na zauna ina kallonsu, ba su da kai ba su da gindi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kwamfutar nan ba ta taɓa daskarewa a gabana ba. In hau benen da hantsi, in zuba mata ido awa biyu, awa uku, tana aiki sumul. In sauko, in hau babur ɗina, kafin in isa Tukur-Tukur layi ya mutu. Na canza waya. Na musanya katunan biyu. Na buɗe kwamfutar na hure ƙura. Na zargi zafi, na zargi ruwan sama, har tantabarun da ke sauka kan eriya sai da na harara. Na rubuta takardar neman na'urar da ke riƙe wuta, fayil ɗin ya je sito ya kwanta. A ofis kuwa na zama abin tsokana. Wani akawu ya ce kwamfutar Lawal kunyarsa take ji kamar surukarsa. Wani ya ce in nemi malami ya tofa mata, tunda a ɗakin tukwane na ajiye ta.

Sai ranar da abin ya wuce wasa. Malamar asibiti ta aiko da saƙon neman allurar rigakafi, ta saki jiki cewa ya isa, ashe a hanya ya mutu. Washegari mata suka cika barandar asibiti da jarirai tun safe, har azahar babu allura, suka goya 'ya'yansu suka koma gida. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Alhaji Balarabe ya kira ni ofishinsa, bai ko ce in zauna ba.

"Masinja yana makara, amma bai taɓa ɓatar da takarda ba," in ji shi. "Ranar Juma'a da safe zan je asibitin da kaina. In abin nan ya tsaya a gabana, a sauke ƙarfen, masinja ya koma kan kekensa. Kai kuma ka san abin da zan rubuta a fayil ɗinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ya tsayawa in ana kallonsa."

Ya ce, "Wannan maganar ka ajiye ta ka faɗa wa surukanka."

Ranar Litinin na hau benen tun da aka ba ni izini, na zauna har kusan azahar. Fitilar nan tana ta ƙyaftawa kamar tana yi mini dariya. Na sauko jikina a mace, na zauna a kan matakala ta ƙarshe, na rasa ƙarfin fita. Goggo ta miƙo mini kofin kunun tsamiya.

Na ce, "Goggo, ni dai tawa ta ƙare. Abin nan ba ya taɓa yi sai na tafi."

Ta dube ni sheƙeƙe. "To ta ina zai yi kana nan? Kana nan ai Asabe na ɗaki."

"Wace Asabe?"

"Asabe mai markaɗe mana, bayan katangar nan. Injinta a tsakar gida yake, daidai ƙarƙashin taga. In an ce ka hau, ai ba ta fitowa. Kullum sai ta yi mini ƙorafi kana tsare mata sana'a, robobin mutane sun taru. Ina cewa ya sauka take tada shi. Ƙwan ɗakina ya yi ƙasa kamar zai mutu ya dawo, idon akwatinka ya tsaya. Wata biyu ina faɗa maka, kai kuma kana duba agogo."

Kofin na hannuna, na kasa kai shi baki. Kayan miya, waken ƙosai, Asabe ta fito, duk magana ɗaya ce take faɗa mini, ni nake gogewa in sa lamba. Injin Asabe na lantarki ne, kuma gidajen nan duka daga falwaya ɗaya suka jawo wuta. Injin in zai tashi sai ya zuƙi wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, musamman in an cika shi ko wutar ta zo da rauni. Kullum ina jin ƙararsa a bayana in ina tada babur, amma wa ke kula da ƙarar injin markaɗe a cikin birni? Ashe zuwana shi ke korar cutar. Duk lokacin da na hau don in kama ta, sanarwar hawana ce ke kashe injin.

Na miƙe zumbur na ce, "Goggo, Allah ya ja kwananki! Ina so a tada injin nan ina sama."

Ta ce, "Wannan kuma sai Malam."

Malam Yero ya ji bayani, sannan ya aika aka kira mijin Asabe. Mijin ya ce abu mai sauƙi, shi zai tada injin, mata su zauna a ɗaka. Aka kai wa Asabe magana, amsa ta dawo ta bakin Goggo cewa tun da aka kafa injin nan babu wanda ya taɓa sa masa hannu sai ita, kuma ba za a fara a kan akwatin gwamnati ba. Aka yi ta kai-komo, a ƙarshe Malam ya yanke. Za a toshe tagar da tabarma biyu, a juya kwamfutar yadda zan ba taga baya in fuskanci bango, Goggo kuma ta zauna a bakin ƙofa ta zama shaida. Asabe ta yarda, da sharaɗin in yi sauri domin tana da markaɗen suna.

Da yammacin ranar na buɗe rubutun direban a ofis. Ban taɓa sa hannu a cikin kanel ba sai ranar. Abin da na yi shi ne, a kowane mataki inda direban ke magana da katin, na saka layi ɗaya da zai buga wata 'yar magana a allo, don in san inda ya tsaya in ya tsaya. Da Hausa na rubuta su tunda ni kaɗai zan karanta. Bayan an gyara rubutu sai kwamfuta ta juya shi zuwa abin da take ganewa, kuma tsohuwar kwamfutar tamu takan ci fiye da awa tana wannan aikin. Na zauna ina kallonta kamar mai jiran tukunya, ta gama, na kwafe a filofi, ɗan faifan da muke ɗaukar aiki a ciki a lokacin.

Talata da hantsi na hau. Ɗakin ya yi duhu saboda tabarmin, sai ƙwan lantarki ɗaya da hasken allo. Na zauna a ƙasa, hancina kusan na taɓa bango. Goggo na bakin ƙofa da mazarinta tana kaɗi.

Na ce, "Goggo, na shirya."

Ta ɗaga murya, "Asabe! Tada!"

Injin ya yi gurnani. Ƙwan ya dushe ya dawo. Sai ga allon ya cika da layi ɗaya, yana ta zubowa ba ƙaƙƙautawa: ina jiran amsar kati, ina jiran amsar kati, ina jiran amsar kati.

Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Allahu Akbar! Na kama shi! Goggo, na kama shi!" Na zabura zan juyo in nuna mata.

Ta daka mini tsawa, "Kai! Bango!"

Na koma na fuskanci bangon ina dariya, hawaye na zubo mini.

Ga abin da ke faruwa. In wuta ta yi ƙasa na ƙiftawar ido, kwamfutar tana jurewa, amma 'yar ƙwayar cikin katin ba ta jurewa. Sai ta suma ta farfaɗo, ta manta duk abin da aka gaya mata. Direban kuwa ya riga ya ba ta umarni, yana tsaye yana jiran ta ce ta gama. Wanda ya rubuta shi bai sa wa jiran iyaka ba, domin a wurinsa kati bai taɓa ƙin amsawa ba. Kuma a wannan wurin kanel ba ya sauraron kowa sai direban ya sake shi, shi ya sa komai ke daskarewa.

Gyaran farko da na yi, na ce direban ya riƙa ƙirga, in ya kai wani adadi babu amsa ya haƙura ya saki kanel. Laraba muka gwada. Kwamfutar ba ta daskare ba, na fara murna, sai na ga fitilar katin ta ƙi dawowa. Ashe haƙuri kaɗai bai isa ba, katin ya manta sunan layinmu da tashar da muke magana a kai. Na koma ofis da gudu har na kusa kaɗe tunkiya a ƙofar gari. Na ƙara wasu layuka, in direban ya ga katin ya suma, ya tashe shi daga farko, ya sake karanta masa duk abin da ya manta. Duka gyaran bai kai layi ashirin ba.

Alhamis na sake fuskantar bango. Asabe ta tada, fitilar ta mutu, sai ga ta ta dawo tana ƙyaftawa. Na roƙi a sake. Aka sake, ta dawo. A karo na huɗu muryar Asabe ta taso ta bayan tabarma, karon farko da na ji ta, tana cewa, "Goggo, ki faɗa wa ɗan bokon nan injina ba abin wasan yara ba ne, ya yi zafi!"

Juma'a da safe Alhaji Balarabe ya iso asibitin da fayil ɗina a hammata. Na riga na shirya da wani akawu a Tukur-Tukur ya riƙa turo dogon jerin magunguna ba tsayawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, yau ba zan hau benen ba. Abin da ke kashe shi za a yi a gabanka da gangan." Ya zauna gaban allon asibiti, sunayen magunguna na gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Na fita baranda na ɗaga murya ta kan katanga na ce Goggo a tada.

Injin ya ɗauka. Fankar asibiti ta yi sanyi. Rubutun allon ya tsaya cak.

Daga sama muka ji Goggo, "Ido ya mutu!"

Alhaji ya zaro biro daga aljihu ya buɗe fayil. Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku. Na kai bakwai.

"Ya buɗe! Ya buɗe!" Sai Goggo ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa daga bayan katanga, matan da ke baranda da jarirai su ma suka ɗauka ba tare da sun san abin da ake yi ba. Sunayen magunguna suka ci gaba da zubowa daga daidai inda suka tsaya, ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Alhaji ya cire tabarau ya goge ya ce, "A sake." Aka sake har sau uku. Sannan ya rufe biro ya nuna sama da shi ya ce, "Wace ce injiniyar da ke can?"

Na ce, "Goggo Dije ce, ranka ya daɗe. Ita ta gano shi."

Ya ce, "Na ga alama." Ya buɗe biron ya yi rubutu a fayil ɗin, bai nuna mini ba, amma na ga murmushi a gefen bakinsa.

A al'adar masu buɗaɗɗiyar manhaja, in ka yi gyara ba ka riƙe shi kai kaɗai. Kana ware layukan da ka canza, ana ce musu faci, ka aika wa mai direban da bayani. Na goge maganganuna na Hausa, na rubuta wasiƙa da Turancina na makaranta, na karanta ta ya fi sau goma kafin in aika ta layin tarhon ofis. Kullum sai na duba. Bayan 'yan kwanaki sai ga amsa. Mutumin ya ce an taɓa kawo masa ƙorafin irin wannan daskarewar daga wasu wurare amma ya kasa ganinta da idonsa, domin wutarsu ba ta rawa. Ya gyara mini layi biyu, ya ce facin zai shiga fitowa ta gaba. Sannan ya tambaye ni wace irin na'urar gwaji na yi amfani da ita wajen rage wuta na ɗan lokaci haka daidai. Na rubuta masa gaskiya, injin markaɗen wake. Na buga wasiƙar tasa a takarda na zaga da ita ofis-ofis, har akawun da ya ce a nemo malami sai da na karanta masa sau biyu.

Ya kuma tambayi sunan wanda za a rubuta a matsayin mai gano cutar. Na kai wa Goggo maganar. Ta ce, "Sunana ya je ƙasar da ban sani ba, maza su yi ta karantawa? A'a." Asabe ma ta aiko da cewa ita matar aure ce, a rufa mata asiri. Saboda haka abin da aka rubuta a saman facin shi ne cewa wasu mata biyu na cikin birnin Zariya ne suka gano matsalar, Lawal ya rubuta gyaran. Da na fassara wa Goggo sai ta ce, "To ai da ka sa har da injin, shi ya fi kowa shan wahala."

Takardar tabbatarwata ta fito, aka sa rana, kuma Asabe ce ta yi markaɗen bikin gaba ɗaya. Har yau ban san kamanninta ba. Katunan nan sun daɗe da zama tarihi, Goggo Dije ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma takardun nan biyu masu cike da lambobi suna cikin durowata. Nakan fito da su in duba, layin rana, layin lokaci, layin sau nawa, babu ko layi ɗaya da na ware wa abin da ta faɗa da bakinta.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Mai zama da na'ura ya fi mai zuwa duba ta sanin halinta, ko da bai san sunan ko ɗaya daga kayan cikinta ba, kuma maganarsa a rubuta ta yadda ya faɗe ta. Shi ya sa har yau in na aiki ɗayanku ya dawo yana murmushi ya ce mini, "Oga, na je na zauna a kanta awa biyu, lafiyarta ƙalau," ba na sa hannu a takardarsa. Sai na tambaye shi tukuna, da ka iso, wa ya shige ɗaki saboda kai?